Kura da Shan Bugu: Harajin Kwal da Huhun Masu Haƙarsa a Amurka

Duk tan ɗaya na kwal da aka haƙo daga ƙarƙashin ƙasa aka sayar a cikin Amurka, gwamnatin tarayyar ƙasar tana karɓar dala 1 da senti 10 a kansa. Idan kuwa a sarari aka kwashe shi, wato inda ake yaye ƙasa ta sama har a tarar da kwal ɗin, senti 55 ake biya. Tamkar jangali ke nan, sai dai maimakon a ƙirga kan shanu, tan ake ƙirgawa. Waɗannan kuɗi ba a gina titi ko makaranta da su. Wani asusu na musamman ake zuba su, wanda aikinsa ɗaya ne tak: biyan diyya da kuɗin magani ga ma'aikatan da ƙurar kwal ta lalata wa huhu, da kuma matan da suka mutu suka bari. A nawa ganin, ya kai mai karatu, wannan haraji yana kan gaskiya, amma yadda aka tsara shi ya bar wa kamfanoni ƙofar sulalewa, har ta kai talakan da bai taɓa cin ribar kwal ba shi ne yake cike giɓin. Abin da nake son mu duba tare ke nan.

Bari mu fara da ita cutar, domin wanda bai san ciwon ba, ba zai gane nauyin bashin ba. Su masu haƙar suna kiran ta da sunan da za mu iya cewa baƙin huhu, kuma sunan ya dace, domin idan likita ya buɗe ƙirjin wanda ta kashe, huhun nan da ya kamata a gan shi ja-ja-ja sai a tarar ya koma kamar gawayi. Ƙurar da take yin wannan ɓarna ba irin wadda ido yake gani ba ce. Mai kauri takan tsaya a hanci da maƙogwaro, a yi tari ko kaki a fitar da ita. 'Yar mitsitsiyar ita ce take wucewa can ƙuryar huhu, inda iska take haɗuwa da jini. Jiki yakan tura dakarunsa su haɗiye ta, su kasa narkar da ita, su mutu a wurin, sai tabo ya fito. Tabo kan tabo, shekara da shekaru, har huhu ya ƙandare ya daina buɗewa. Mutumin da a da yake saɓar buhu ya wayi gari ba ya iya taka matakalar gidansa sai ya tsaya ya huta, daga nan sai tukunyar iskar numfashi ta zama abokiyar zamansa dare da rana. Babu maganin da yake mayar da huhu yadda yake, in ban da dashen wani huhun, wanda ba kowa yake samu ba. Abin da ya fi muni shi ne ko mutum ya bar aikin, ciwon yana iya ci gaba da cin sa. Ma'aikatar ƙwadago ta Amurka ta bayyana a 2014 cewa tun daga 1968 cutar tana da hannu a mutuwar masu haƙar kwal sama da 76,000.

Wannan jinkiri da cutar take yi kafin ta bayyana shi ne tushen rikicin gaba ɗaya. Wanda dutse ya faɗo masa a rami, ranar nan aka san inda abin ya faru da kuma wanda yake da ramin. Wanda ƙura ta ci kuwa, sai bayan shekara goma ko ashirin ko fiye zai fara haki, lokacin ya yi wa kamfani uku ko huɗu aiki, wani an sayar da shi, wani ya canza suna, wani ya rufe. To wa zai kama?

Shekaru masu yawa amsar ita ce babu kowa. Hasali ma akwai likitocin kamfanoni da suka daɗe suna musanta cewa ƙurar kwal tana cutarwa. Abin da ya juya al'amarin shi ne wata gobara. Ranar 20 ga Nuwamba 1968 wata mahaƙar kwal ta fashe a kusa da garin Farmington a jihar Bajiniya ta Yamma, mutum 78 suka halaka. Hankalin ƙasa ya koma kan masu haƙar kwal, su kuma ba su bari damar ta wuce ba. A farkon 1969 kimanin ma'aikata 40,000 a jihar suka ajiye aiki na kusan mako uku, ba don ƙarin albashi ba, sai don a amince cewa baƙin huhu ciwo ne da aiki yake jawowa, a kuma biya diyyarsa. A ƙarshen wannan shekarar Shugaba Nikson ya sa hannu a kan dokar tarayya ta lafiya da kariyar masu haƙar kwal, wadda ta ƙayyade yawan ƙurar da aka yarda ta kasance a cikin rami, ta kuma buɗe ƙofar biyan diyya. Da farko daga baitulmalin gwamnati aka riƙa biya. Da nauyi ya yi yawa sai aka yi dokar 1977, aka kafa asusun a 1978, aka ɗora haraji a kan kwal: senti 50 a tan na ƙarƙashin ƙasa, senti 25 na sarari.

Yana da kyau a fahimci yadda aka raba nauyin, domin mutane da yawa suna ɗauka asusun ne yake biyan kowa. Ba haka ba ne. Idan an tabbatar da ciwon, kamfanin da ma'aikacin ya yi wa aiki na ƙarshe, na aƙalla shekara ɗaya, shi ake fara nema ya biya, ko dai ta hanyar inshorar da ya saya ko kuma daga aljihunsa. Asusun na marayu ne, wato waɗanda suka bar aiki tun kafin 1970, da waɗanda aka nemi kamfaninsu aka rasa, ko aka same shi ba shi da ko sisi.

Hujjar wannan haraji a wurina a bayyane take. Huhun ma'aikaci yana cikin abin da aka kashe wajen fito da kwal, daidai da man injin da katakon tokare rami. Wanda ya sayi kwal da arha saboda ba a sa kuɗin huhun a cikin farashi ba, ya ci bashin wani ne bai sani ba. Harajin yana mayar da wannan kuɗi inda ya fito: mai ramin ya biya, ya ɗora a kan mai saye, mai saye ya ɗora a kan mai shan wutar lantarki. Kowa a cikin jerin nan ya amfana da kwal ɗin. Kuma da yake a kan dukkan kamfanoni aka ɗora shi, masu rai suna ɗaukar nauyin waɗanda suka mutu, kamar yadda 'yan kasuwa ɗaya sukan yi karo-karo idan ɗayansu ya gudu da kayan mutane, don kada sunan sana'ar ya ɓaci.

Masu adawa da harajin, musamman ƙungiyar masu kamfanonin haƙar ma'adinai, suna cewa masana'antar kwal tana fama da kanta, iskar gas mai arha ta ƙwace mata kasuwa, ƙarin haraji zai rufe ramuka ya kori ma'aikata, kuma ba adalci ba ne kamfanin da yake kiyaye doka ya biya laifin wanda ya tsere. Maganar ƙarshen nan tana da ɗan ƙamshin gaskiya, zan kuma dawo kanta. Amma ta farkon ba ta shige ni ba. Dokar da kanta ta sa iyaka: harajin ba zai wuce kashi 4.4 cikin ɗari na farashin da aka sayar da kwal ɗin ba. Ramin da dala ɗaya da 'yan senti a tan za su rufe shi, dama can ya riga ya mutu, jana'iza kawai ake jira. Kuma a 2019, lokacin da harajin ya faɗo ƙasa da rabi na tsawon shekara guda, ba a ga masana'antar ta farfaɗo ba. A shekarar ne ma manyan kamfanoni irin su Murray Energy da Blackjewel suka shelanta karyewa.

Inda gizo yake saƙar shi ne asusun bai taɓa tsayawa da ƙafarsa ba. Tun daga shekarunsa na farko abin da yake fita ya fi abin da yake shiga, sai ya riƙa cin bashi daga baitulmali, bashin kuma da kuɗin ruwa. An ninka harajin a farkon shekarun 1980, aka sake ɗaga shi zuwa dala 1 da senti 10 a 1986, har aka yafe masa kuɗin ruwa na shekara biyar, duk da haka bashi bai daina hawa ba. Zuwa 2008 ya haura dala biliyan 10. A shekarar majalisar dokoki ta ɗauki kimanin dala biliyan 6.5 daga kuɗin jama'a ta goge wani ɓangare, ta sake tsara sauran. A lura da wannan adadi da kyau. Kuɗin malamin makaranta ne da direban tasi da mai shara, aka biya bashin da aka ce kwal ne zai biya. Bayan haka ma bashin ya sake taruwa, ya wuce dala biliyan 6. Ofishin da yake binciken kuɗaɗen gwamnati a madadin majalisa ya yi gargaɗi a 2018 cewa idan aka bar harajin ya faɗi, bashin zai iya haura biliyan 15 kafin 2050.

Sai kuma wasan da majalisa ta yi da harajin, wanda ni dai ban ga abin da za a kira shi ba in ba rashin tausayi ba. Ya faɗi a farkon 2019. Aka mayar da shi na 2020, aka ƙara masa shekara ɗaya ta 2021, ya sake faɗuwa a Janairun 2022. A tsakanin nan tsofaffin ma'aikata, wasu da tukunyar iska a gefensu, suka riƙa shiga mota daga tsaunukan Afalashiya zuwa Washinton suna bin ofisoshin 'yan majalisa suna roƙo. Sai a Agustan 2022, cikin dokar rage hauhawar farashi da Shugaba Baidin ya sa wa hannu, aka mayar da dala 1 da senti 10 da kuma senti 55 suka zama na dindindin. An yi murna, kuma ta cancanta. Amma a duba abin da aka tabbatar ɗin: adadin 1986 ne. Abin da dala ɗaya take saye a wancan lokacin, yau sai an haɗa kusan dala uku. Kuɗin asibiti ya hau, kuɗin magani ya hau, harajin yana nan inda aka bar shi kusan shekara arba'in da suka wuce.

Ga kuma matsala ta biyu, wadda ta fi wannan wuyar magani. Haraji ne a kan tan, tan ɗin kuma raguwa yake yi. A 2008 Amurka ta haƙo kwal fiye da tan biliyan ɗaya da miliyan ɗari. A 2023 abin bai kai tan miliyan 600 ba. Saniyar da ake tatsa tana ramewa, masu jiran nonon kuwa ba raguwa suke yi ba, domin cutar da aka ɗauka ta kusa ƙarewa ta dawo da ƙarfinta. Binciken da cibiyar kula da lafiyar ma'aikata ta ƙasar ta fitar a 2018 ya nuna cewa a tsakiyar yankin Afalashiya, wato gabashin Kentaki da kudancin Bajiniya ta Yamma da kudu maso yammacin Bajiniya, mutum ɗaya cikin biyar na waɗanda suka yi shekara 25 ko fiye a rami yana ɗauke da ita. A wannan shekarar aka ba da rahoton mutum 416 masu nau'in cutar mafi tsanani a ƙananan asibitoci uku kacal a jihar Bajiniya. Dalilin dawowarta sananne ne. An cinye jijiyoyin kwal masu kauri, saura sirara, don haka injin sai ya yanki dutsen da yake sama da ƙasa kafin ya sami kwal. Ƙurar dutsen nan, wadda take ɗauke da sinadarin silika, ta fi ta kwal dafi nesa ba kusa ba, shi ya sa yanzu ake ganin masu shekara talatin da 'yan kai ko arba'in da huhun da a da sai a ƙirjin tsoho ake ganin irinsa. An fitar da sabuwar ƙa'idar rage wannan ƙura a 2024, sai ƙararraki a kotu suka sa aka jinkirta aiwatar da ita a 2025.

A nan ne wani abin mamaki yake. Tsarin mulkin Amurka ya hana ɗora haraji a kan kayan da za a fitar waje, kuma a 1998 kotu ta yanke hukunci cewa wannan hani ya shafi harajin kwal. Saboda haka kwal ɗin da aka loda a jirgin ruwa zuwa Indiya ko Turai ko Barazil ba ya biyan ko senti ɗaya. Alhali kuwa kwal mai tsada da ake narka ƙarfe da shi, wanda kaso mai yawa nasa waje ake kai shi, daga ramukan Afalashiya ɗin nan yake fitowa, inda cutar ta fi ƙamari. Wato kwal ɗin da ya fi kawo riba, wanda kuma aka haƙo a yankin da huhu ya fi lalacewa, shi ne aka yafe wa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ƙofa ta uku ita ce ta karyewar kamfani. An yarda manyan kamfanoni su ce ba sai sun sayi inshora ba, su da kansu za su tsaya wa kansu, muddin sun ajiye jingina. Jinginar da aka riƙa karɓa kuwa abin dariya ce. Ofishin binciken nan na majalisa ya gano cewa tsakanin 2014 da 2016 kamfanoni uku, Alpha Natural Resources da James River Coal da Patriot Coal, sun karye sun juye wa asusun nauyin da aka ƙiyasta ya kai dala miliyan 865, alhali jinginar da suka ajiye ba ta wuce kimanin miliyan 27 ba. Ramukan da yawa ba rufewa suka yi ba, sun ci gaba da aiki a hannun sababbin masu su, ko tsofaffin da sabon suna. Bashin marasa lafiyar ne kawai aka sauke a bakin hanya. Wannan shi ne gaskiyar da na ce tana cikin ƙorafin masu adawa: kamfanin da ya riƙe amana yana biyan na wanda ya ci amana. Sai dai maganin wannan shi ne a karɓi cikakkiyar jingina tun kamfani yana da rai, ba a rage haraji ba. Rage harajin ba ya rage ko mutum ɗaya daga masu tari, sauya mai biya kawai yake yi.

Kada mai karatu ya zaci waɗanda ake rigima a kansu wata dukiya suke kwasa. A 2024 ma'aikacin da ba shi da kowa a ƙarƙashinsa dala 772 da 'yan senti yake karɓa a wata, mai iyali uku ko fiye ya sami ninkin haka. Idan aka juya shi zuwa naira zai yi kama da abin arziki, amma a Amurka bai kai abin da gwamnati da kanta ta ƙayyade a matsayin layin talauci ba. An ɗaure shi ne da wani kaso na albashin ƙaramin ma'aikacin gwamnati, ba da tsadar rayuwa ba. Kafin ma a kai ga karɓar, sai an sha shari'a. Kamfani yana da lauyoyi da likitocinsa, ma'aikaci yana da haki da takardar hoton ƙirji. A 2013 wasu 'yan jarida suka bankaɗo cewa wani babban likita a asibitin jami'ar Johns Hopkins, wanda kamfanoni suke kai wa hotunan ƙirji, ya duba na mutum sama da 1,500 tun daga shekarar 2000 bai taɓa ganin nau'in cutar mai tsanani ko sau ɗaya ba, har a cikin waɗanda aka tabbatar da ita bayan sun mutu. Asibitin ya dakatar da sashen. Abin da ya ɗan sassauta wa ma'aikata shi ne gyaran da aka sa a dokar lafiya ta zamanin Obama a 2010, wanda ya ce duk wanda ya yi shekara 15 a rami kuma numfashinsa ya nakasa gaba ɗaya, a ɗauka aikin ne ya jawo, sai in kamfani ya kawo hujjar akasin haka.

Da za a tambaye ni, abu uku zan ce, kuma ba daidai suke da nauyi ba. A ɗaure harajin da hauhawar farashi, wannan mai sauƙi ne. A karɓi jingina cikakkiya, wannan ma ana iyawa in an so. Na ukun shi ne wanda ya fi damu na: harajin bai san bambanci tsakanin ramin da ake fesa ruwa ana jan iska yadda ya kamata da ramin da ake maguɗin na'urar auna ƙura ba. Duka dala 1 da senti 10 suke biya. Harajin da ba ya ƙaruwa a kan mai sakaci ba ya koya wa kowa tsoro. Ya zama kamar kuɗin likkafani da ake cirewa tun mutum yana tafiya da ƙafarsa.

Mu ma nan gida muna da tarihin kwal. An gano shi a yankin Udi a 1909, aka fara haƙarsa a Inugu 'yan shekaru bayan haka, kuma da shi jiragen ƙasa suka riƙa jan gyaɗa da auduga daga Arewa zuwa bakin teku. Kowane ɗalibin tarihi ya san ranar 18 ga Nuwamba 1949, da 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe ma'aikata 21 a mahaƙar kwarin Iva. Waɗanda bindiga ta kashe an san adadinsu, ana kuma tunawa da su. Waɗanda suka shaƙi ƙurar ramukan nan shekara da shekaru, masana'antar ta durƙushe ba tare da an tanadar musu wani asusu daga kuɗin kwal ɗin ba. Yanzu kuma ana haƙar kwal a Maiganga ta jihar Gombe da wasu sassan Kogi, ga kuma dubban matasa da suke fasa dutse da niƙa shi a wuraren neman zinare, suna shaƙar silikar nan da ta dawo da cutar a Amurka. A Afirka ta Kudu sai da masu haƙar zinare suka yi shekaru suna shari'a kafin kamfanoni su amince a 2018 su ware rand biliyan 5, lokacin da yawa daga masu ƙarar sun riga mu gidan gaskiya. Muna da dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta ce mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi a asusun gwamnati. Amma wannan sai mai takardar ɗaukar aiki, yaron da yake shiga rami da tocila a goshi ana biyan sa kullum-kullum babu sunansa a littafin kowa. Haraji a kan tan, duk da aibobin da na lissafa, yana da wannan fa'ida ɗaya: ba ya tambayar sunan wanda ya haƙo, motar da ta fito da kaya kawai yake aunawa. Amurka ta fara karɓar nata a 1978, bayan an shafe fiye da shekara ɗari ana haƙa, shi ya sa asusun ya buɗe ido da bashin mutanen da suka riga suka kamu. Mu ramukanmu na yanzu ba su tsufa ba, yawancin masu shiga cikinsu ba su fara haki ba tukuna.